Shari'ar Da Ake Yankewa Tun A Bayan Kanta

Yau shirinmu zai yada zango a wurin da babu mai fatan kwana a cikinsa, amma da wuya a sami gidan da ba a taɓa zuwa ba, ko don kai ƙara, ko don amsa ƙara, ko don kai wa wani abinci. Caji ofis nake nufi. Abin da za mu duba shi ne kwana ɗaya ko biyun farko bayan an kama mutum, kafin ya ga fuskar alƙali, da abin da lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma suke tararwa a wannan ɗan tsakanin. Bari in faɗi matsayina tun yanzu: da yawa daga cikin shari'un laifi a ƙasar nan a kan teburin ɗan sanda mai bincike ake gama su, abin da ke zuwa kotu daga baya ragowa ne. Saboda haka wurin da aka fi bukatar lauya shi ne gefen wannan tebur, a ranar farko.

Mu a al'adarmu, lauya mutumin kotu ne. Idan aka kama yaro, wanda ake fara kira shi ne mai unguwa, ko kawun da ya taɓa aikin ɗamara, ko kansila, ko wani mai faɗa a ji da ake ganin zai buga waya a saki yaron. Ba a tunawa da lauya sai an ji cewa majistare ya tura shi gidan yari. A lokacin lauya zai zo, ya karɓi fayil, ya buɗe, ya tarar da takarda mai shafi biyu da tambarin babban yatsa a ƙarshenta. Lauyoyin da suka daɗe a wannan aiki sun san cewa daga nan sauran aikin ihu ne bayan hari.

Mu mutanen Suleja ba sai an kai mu nesa ba kafin mu ga inda wannan hanya take ɓullewa. A daren 24 ga Afrilun 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rushe wani sashe na katangar gidan gyaran hali na garin nan, fursunoni 119 suka tsere. Da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya zo duba wurin, ya ce an gina gidan ne a 1914 don mutum 250, amma mutum 499 ne a ciki kafin abin ya faru. Ruwa ya rushe katanga, amma ba ruwa ne ya ninka mutanen ciki ba. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali ta ƙasa sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a tabbatar musu da laifin komai ba. Kowane ɗayansu ta wani ofishin bincike ya bi, kuma abin da aka rubuta a kansa a can ne yake riƙe da shi.

Mu matso kusa mu dubi takardar nan. A caji ofis, bayan an karɓe wa mutum takalmi da bel da waya an kai shi bayan kanta, sai a fito da shi a zaunar a kan benci gaban ɗan sanda mai bincike, wanda ake ce wa IPO. A saman takardar sitatimen akwai gargaɗi da Turanci, cewa ba dole ne mutum ya ce komai ba, kuma duk abin da ya faɗa za a rubuta, ana iya kafa hujja da shi a kotu. Sau nawa ake fassara wa mai kayan miya ko ɗan acaɓa wannan gargaɗi yadda zai gane nauyinsa? Shi yana magana da Hausa ko Gwaranci, mai bincike yana rubutawa da Turanci, yana tambaya yana zaɓar abin da zai shiga takarda. A ce yaro ne da aka bi sawun wayar sata aka same ta a hannunsa. Abin da ya faɗa shi ne ya saye ta hannu a wurin wani da suke haɗuwa a tasha, kuma ya ga ta yi araha. Abin da zai iya fitowa a takarda shi ne ya saya alhali ya san ta sata ce, kuma ya san mutumin da ya kawo ta. Idan wayar nan da makami aka ƙwace ta, tazarar da ke tsakanin waɗannan jimloli biyu ita ce tazarar da ke tsakanin shaida da wanda ake tuhuma da hannu a fashi da makami, laifin da hukuncinsa kisa ne. Daga nan sai a miƙo masa tawada ya dangwala. Ba a ma kai ga duka ba tukuna. Gajiya, da yunwa, da tsoro, da alkawarin cewa yana sa hannu zai koma gida, sun isa. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka dangwale.

Abin da ya sa takardar take da wannan nauyi shi ne, a dokar ƙasar nan kotu tana iya ɗaure mutum da ikirarinsa kaɗai, muddin ta gamsu cewa da son ransa ya yi shi kuma ya fito fili. Babu buƙatar wani shaida. To idan hanya mafi sauƙi ta kammala fayil ita ce mutum ya amsa laifi, ba abin mamaki ba ne bincike ya koma neman amsa laifi. A 2014 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan azabtarwa a Najeriya, inda ta ce a wasu ofisoshi har akwai jami'in da aka sani da wannan aiki. A wani rahoton na 2020 ta lissafa mutum 82 da rundunar 'yan sanda ta SARS ta azabtar ko ta wulaƙanta tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020, watanni kaɗan kafin zanga-zangar da ta sa aka rusa rundunar a Oktoban shekarar. Ba ina cewa kowane ɗan sanda haka yake ba. Akwai masu tsoron Allah da yawa a cikin kaki. Ina cewa tsarin da ya jingina a kan ikirari yana ja wa mai bincike hannu zuwa ga matsi, ko da shi mutumin kirki ne.

Dokokinmu kuwa ba su yi shiru ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru, kada ya amsa kowace tambaya, har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Ya ce a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, kuma a Suleja kotuna a cikin gari suke. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta ƙara fayyace abin. Ta hana kama wani a madadin wani, wato a tafi da uwa ko mata don ɗa ko miji ya fito. Ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Sashenta na 15 ya yi maganar ɗaukar ikirari a bidiyo, sashe na 17 kuma ya yi maganar ɗaukar sitatimen a gaban lauyan mutum, idan ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar ba da agajin shari'a, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko wani da ya zaɓa, tare da tafinta idan ba ya jin Turanci. Wannan doka ta Abuja ce da kotunan tarayya, amma jihohi sun kafa nasu a kan tsarinta, har da Jihar Neja, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita yawancin waɗannan haƙƙoƙi ga ƙasa baki ɗaya. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar, kuma ta ce umarnin na gaba ba uzuri ba ne.

Wannan a takarda ke nan. Abin da lauya yake tararwa daban ne, kuma aikinsa na farko sau da yawa shi ne gano inda mutum yake. Zaman Suleja a bakin iyakar Abuja ya ƙara wa wannan wuya. Tsakanin Madalla da Zuba tafiyar 'yan mintuna ce, amma rundunoni biyu ne, ma'aikatun shari'a biyu, dokoki biyu. Mutum zai kwana a Suleja, ya yi aiki a Abuja, a kama shi a hanya, iyali su kwana biyu ba su san ko yana cikin gari, ko an wuce da shi Minna, ko yana wani ofishi a birnin tarayya ba. Idan lauya ya gano wurin, sai ya ci karo da amsoshin da duk mai wannan sana'a ya haddace: mai binciken ya fita, DPO, shugaban ofishin, ba ya nan, umarni ne daga sama, ko kuma a ce masa ya je ya jira a kotu, nan ba wurin lauya ba ne. Idan an bar shi ya ga mutumin, sau da yawa a tsaye ne a bakin kanta, jami'i yana jin duk abin da suke faɗa, kuma an riga an ɗauki sitatimen tun daren jiya. Kamen ranar Juma'a da yamma kuwa kowa ya san ma'anarsa, sai Litinin.

Daga nan sai abin da ya fi cika gidajen yari. Idan laifin babba ne, kamar kisa ko fashi da makami, majistare ba shi da hurumin sauraronsa, amma gabansa ake fara kai mutum don a sami umarnin tsarewa. Sai a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wadda za ta duba fayil ta ce ko akwai tuhumar da za a shigar a babbar kotu. Fayil ɗin mutumin Suleja sai ya yi tafiyar kusan kilomita ɗari zuwa Minna, kuma sai an kwafe shi, sai an sami wanda zai kai, sai an sami wanda zai tuna da shi. Dokar 2015 ta sa wa irin wannan tsarewa iyaka: kwana 14 a karon farko, ana iya ƙara wasu 14, daga nan sai hukuma ta zo ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutum. Amma iyakar da babu mai ƙirga kwanakinta ba ta aiki da kanta. Wanda yake da lauya, lauyansa zai tashi ya tunatar da kotu. Wanda ba shi da kowa, sai ya zama suna a cikin littafi, ana sauya mai bincike, ana sauya majistare, shi yana nan.

Idan Allah ya sa aka fara shari'a, bayan shekara biyu ko uku, mai gabatar da ƙara zai ɗaga takardar nan ya nemi kotu ta karɓa. Dokar shaida ta 2011 ta ce ba a karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar zalunci, don haka idan wanda ake tuhuma ya ce tilasta shi aka yi, sai a dakatar da babbar shari'a a yi wata ƙarama a cikinta, don a gano gaskiyar yadda aka ɗauki sitatimen. Ku dubi yadda ma'aunin yake. A gefe ɗaya jami'ai biyu ko uku cikin kaki suna rantsuwa cewa a natse aka yi komai, har an kai shi gaban babban jami'i ya tabbatar. A ɗaya gefen mutum ɗaya ne da ya fito daga kurkuku, ciwon da yake magana a kai ya warke tuntuni, babu takardar likita, babu wanda ya gani. Alƙali ɗan Adam ne, da abin da ke gabansa zai yi hukunci. Wannan ne ya sa hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Charles da Jihar Legas a 2023, da wanda ya biyo baya a shari'ar Akaeze a 2024, suke da muhimmanci ƙwarai. Kotun ta nuna cewa tanadin bidiyo da halartar lauya wajibi ne a kan mai bincike, ba zaɓi ba ne, kuma ikirarin da aka ɗauka ba tare da bin wannan ba yana iya zama takardar banza.

Na san abin da wasu masu sauraro ke faɗa a ransu yanzu, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce: mu da muke zaune a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, mu da muka ga abin da ya faru a cocin St. Theresa ta Madalla ranar Kirsimetin 2011, mu da muka san gidajen da aka sayar da gona aka biya kuɗin fansa, mu za a ce wa a kawo wa mai garkuwa da mutane lauya ya koya masa ƙarya? Wannan tambaya daga zuciyar da ta ji ciwo take fitowa, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Amsar farko ita ce, a ranar kame babu wanda ya san ko mai garkuwar ne a hannu ko maƙwabcinsa. Don a gano haka ake bincike. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Duk ranar da aka matsa wa wanda bai ji ba bai gani ba ya amsa laifi, ranar ake rufe fayil, a daina neman wanda ya aikata. Shi yana gari yana shirin na gaba. A Ingila, a 1974, bama-bamai sun kashe mutum 21 a birnin Birmingham. Jama'a suka fusata, 'yan sanda suka kama mutum shida, huɗu daga cikinsu suka sa hannu a takardun ikirari bayan sun sha wuya, aka yi musu ɗaurin rai da rai. Sai a 1991, bayan shekara 16, kotu ta soke hukuncin ta sake su. Waɗanda suka dasa bama-baman ba a taɓa hukunta su ba. Iyalan mamata su ne suka fi kowa asara, domin shekarun da ya kamata a yi ana bin sawun masu laifi an yi su ana tsaron marasa laifi. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa a yau a Ingila, ƙarƙashin wata doka ta 1984, wanda aka kama yana da lauya kyauta a ofishin 'yan sanda kuma ana naɗar tambayoyin da ake masa. 'Yan sandan can ba su daina kama masu laifi ba, kotuna ba su daina ɗaure su ba.

Sannan mu duba abin da lauya yake yi a ɗakin. Doka ta ce ba zai tsoma baki cikin bayanin da mutum yake bayarwa ba, sai iyakar abin da aikinsa na lauya ya buƙata. Ba shi zai amsa tambaya ba. Zai tabbatar mutum ya gane abin da ake zarginsa da shi, ya gane yana da damar yin shiru, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da aka rubuta. Lauyan da ya ƙirƙira wa wani ƙarya ya karya ƙa'idar sana'arsa, ana iya kore shi daga aikin. Kuma ga wani abu da masu ƙara ba su cika lura da shi ba: ikirarin da aka ɗauka a gaban lauya ko a bidiyo ba ya warwaruwa. Mai laifin da ya amsa a haka ba shi da bakin cewa an dake shi. Wanda aka ɗauka a ɓoye kuwa, bayan hukuncin Kotun Ƙoli, ƙofa ce a buɗe da mai laifi na gaske zai iya fita ta cikinta. Duk mai son a ɗaure ɓarawon da ya cuce shi, shi ya fi kowa bukatar a bi ƙa'ida tun ranar farko.

Akwai kuma uzurin 'yan sanda, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Mai bincike ɗaya yana riƙe da fayil da yawa, babu man mota, babu kuɗin takarda, ɗakunan gwajin yatsu da jini ba su taka kara sun karya ba, har mai ƙara ne ake cewa ya kawo kuɗin zirga-zirga. Wanda aka tura farauta babu kare babu kibiya, da abin da ya samu zai yi. Wannan nauyi ne a wuyan gwamnati, kuma ya kamata lauyoyi su kasance a sahun gaba wajen neman a ba bincike kuɗi. Amma talaucin ofis ba zai zama dalilin da talakan da ke kan benci zai biya da jikinsa ba. Kuma abubuwa biyun da ake nema a nan ba sa cin kasafi: wayar da ke aljihun kowane jami'i tana ɗaukar bidiyo, kujerar da lauya zai zauna kuwa tana nan. Jami'in kirki ma kariya ce gare shi, domin ranar da aka yi masa ƙazafin duka, yana da abin nunawa.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin shi ya fi kusa da gaskiyar rayuwarmu: wa yake da kuɗin lauya? Mai turin baro da aka kwashe a samame ba shi da lambar kowa. Kuma dole a faɗa, a cikin lauyoyin ma akwai waɗanda suka mai da bakin caji ofis kasuwa, aikinsu daidaita farashin beli, alhali ga rubutu a bango cewa beli kyauta ne. Irin waɗannan sun zubar wa sana'ar mutunci a idon talaka da na ɗan sanda. Amma akwai abin da aka riga aka gina, ko da bai kai ko'ina ba. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa tana nan tun 1976, aikinta tsaya wa wanda ba shi da hali. A tsakiyar shekarun 2000 an gwada wani tsari na ajiye lauyoyi masu jiran aiki a ofisoshin 'yan sanda a wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Sakkwato, inda yawanci matasan lauyoyi masu hidimar ƙasa suke zagayawa suna ganin waɗanda aka kama, kuma rundunar 'yan sanda ta amince da tsarin a umarninta mai lamba 20. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce a sami aƙalla jami'i ɗaya mai shaidar lauya a kowane ofishin DPO don kula da haƙƙin waɗanda ke tsare. Ƙungiyar lauyoyi tana da reshe a nan Suleja. Jadawalin da zai sa lauya ɗaya ya leƙa kowane caji ofis na garin nan da safe ba abu ne da ya fi ƙarfin gari mai wannan yawan lauyoyi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma suna da irin wannan dama a rubuce, tun da ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu kuɗin sefa ta fitar da ƙa'ida a 2014 cewa lauya yana iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

Saura abin da dattawa ke cewa, kuma da girmamawa nake amsa shi. Suna cewa kawo lauya yana ɓata lamari, yana fusata jami'ai, yana toshe ƙofar sulhu, mu kuwa da sulhu aka san mu. Sulhu alheri ne, doka ma ta bar masa wuri a ƙananan laifuka, kuma lauyan kirki shi ne na farko da zai ce a zauna a daidaita. Amma sulhun da ake yi ɗaya yana kan kujera ɗaya yana bayan kanta ba takalmi, wanda ke ciki zai yarda da bashin da bai ci ba don ya kwana a gida. Masu ganin tsayawar lauya baƙon abu ne daga Turawa su tuna cewa fiƙihunmu ya san wakili a shari'a, ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa, kuma bai ɗauki ikirari da wasa ba. Malamai suna karantar da ƙissar Ma'izu, wanda ya kawo kansa ya amsa laifi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa kau da kai, ya bincika ko hankalinsa ɗaya, kafin a karɓi maganarsa. Wannan wanda ya zo da ƙafarsa ke nan, babu mai matsa masa.

To mene ne a hannun iyali a daren da abin ya faru? Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka lambar wani lauya ko ta ofishin agajin shari'a ta kasance a wayar maigida da ta uwargida tun ana zaune lafiya. Idan aka kama wani, a rubuta rana da lokaci, a nemi sanin ofishin da aka kai shi da sunan mai binciken, a yi magana da jami'ai cikin ladabi, domin faɗa a bakin kanta ba ya fitar da kowa. Wanda aka kama ya faɗi sunansa da adireshinsa, sannan ya ce yana so a kira masa lauya ko wani nasa kafin ya ba da bayani, kuma kada ya dangwala a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba. Idan an ji masa ciwo, a nemi likita ya duba ya rubuta tun ciwon yana ɗanye, kuma a faɗa wa majistare a zaman farko don ya shiga littafin kotu. Iyaye mata su sani cewa dokar 2015 ta hana a ƙi karɓar mutum a matsayin mai tsayawa beli don kawai mace ce. Sannan akwai tanadin da mutane kaɗan suka sani: dokar ta ɗora wa babban majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ga waɗanda ke tsare da idonsa, kuma yana da ikon ba da beli nan take ko ya sa a kai mutum kotu. Iyalin da ɗansu ya wuce kwanakin doka a bayan kanta suna iya rubuta takarda da sunansa da ranar kama shi, su kai wa magatakardan kotun majistare, su nemi a sa shi cikin waɗanda za a duba a ziyara mai zuwa.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba.